Tukunya da Tukuba: Tarihin Dafa Giya a Gida da Gashin Nama a Ƙasar Hausa, Daga Dala Zuwa Deira

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sana'o'i biyu da suka daɗe a ƙasar Hausa, wato dafa giyar dawa a cikin gida da gashin nama, domin gano dalilin da ya sa ɗaya ta ƙuntata har ta koma bayan gari, ɗayar kuma ta bunƙasa har ta ƙetare teku. An dogara da littafin Tarihin Kano, da rubuce-rubucen masu jihadi, da bayanan matafiya na ƙarni na 19, da binciken masana halayyar al'umma a kan Maguzawan Kano da Annan Maraɗi. An yi bayanin kayan aiki da kayan haɗi na kowace sana'a, sannan aka dubi yadda fiƙihu da dokokin mulkin mallaka da masana'antun zamani suka shafe su. Maƙalar ta gano cewa hukuncin addini shi ne babban dalilin rabuwar hanyoyinsu, amma akwai wasu dalilai uku da suka ƙarfafa shi: tsawon lokacin da kayan ke ɗauka kafin su lalace, da nauyin kayan aiki, da jinsin masu sana'ar. An rufe da nazarin unguwar Al Muraqqabat ta birnin Dubai, inda wannan rabuwa ta fito fili a ƙarƙashin wata doka daban.

Muhimman Kalmomi: burkutu, tsire, kilishi, Maguzawa, mahauta, Deira

1.0 Gabatarwa

Al Muraqqabat unguwa ce a yankin Deira na birnin Dubai, kusa da Al Rigga da cibiyar kasuwanci ta Al Ghurair wadda aka buɗe a 1981. An san babban titinta da gidajen abincin Larabawan Sham da Iraƙi, inda ake gasa nama da kifi a kan gawayi har tsakar dare. Deira kuwa ta daɗe tana zama masaukin fataken Afirka ta Yamma, ciki har da Kanawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi da Damagaram masu sarin yadi da zinariya da turare da wayoyin hannu. Bahaushen da ya sauka a can yana iya samun naman da aka gasa da garin gyaɗa da yaji a gidajen abincin Sudan da ke biranen Daular Larabawa, da sunan da ya fito daga harshensa. Giyar dawa kuwa, wadda Tarihin Kano ya ambaci mai dafa ta tun zamanin mazauna Dala, ba ta da wata alama a wurin.

Masu nazarin Hausa sun yi rubutu mai yawa a kan fawa da sarautar Sarkin Fawa da kiɗan kalangu. Dafa giya kuwa an fi barin ta ga baƙin masana, wataƙila don gudun kada a ɗauki nazarinta a matsayin goyon baya. Wannan shiru yana da illa, domin sana'a ce da ta riƙe gidaje da gonakin wani ɓangare na Hausawa tsawon ƙarnuka, kuma masu iliminta tsofaffin mata ne da ke ƙarewa ba tare da an rubuta abin da suka sani ba. Hukuncin Musulunci a kan giya a bayyane yake, kuma bayanin tarihinta bai sauya shi. Manufar maƙalar ita ce a aza sana'o'in biyu gefe da gefe, a ga abin da kowace ke bayyanawa game da ɗayar.

2.0 Shaidar Farko a Tarihin Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke tare da Barbushe a zamanin bautar Tsumburbura, kowa da aikinsa. A cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da Maguji mai haƙar tama da narka ta, da Bugazau mai dafa giya. Masana irin su Murray Last suna ganin an kammala littafin a siffarsa ta yanzu a ƙarshen ƙarni na 19, saboda haka ba za a ɗauki jerin a matsayin rahoton wanda ya gani da ido ba. Duk da haka yana nuna cewa malamin Musulmi da ya tsara littafin ya ɗauki dafa giya a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan tsohuwar al'umma, a sahu ɗaya da ƙira da magani.

Littafin ya sake kawo wani jeri a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), lokacin da Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. A wannan karon an naɗa Gurdumus limami, Lawal ladan, Auta kuma aka ɗora masa yankan duk dabbar da za a ci. Idan aka kwatanta jerin biyu za a ga mai giya ya fita, mai yanka ya shigo. Nama abu ne da Musulunci ya karɓa bisa sharaɗi, wato yanka da sunan Allah ta hannun wanda yankansa ya halatta, don haka aka samar masa da muƙami a sabon tsari. Giya ba ta da sharaɗin da zai halatta ta, don haka babu muƙamin da za a ba mai dafa ta. Sauran tarihin sana'o'in biyu ya ginu ne a kan wannan bambanci.

3.0 Kayan Aiki da Hanyar Dafa Giyar Dawa

Giyar gargajiya da aka fi sani a arewacin Nijeriya iri biyu ce: burkutu mai kauri wanda ake sha da ɗan tsaki a ciki, da pito wanda ake tacewa. Tushensu dawa ce, musamman ja, wani lokaci a haɗa da gero ko masara. Daga baya wasu masu dafa burkutu suka riƙa ƙara garin rogo domin rage tsadar hatsi. Kayan aikin duk na tsakar gida ne: randa da manyan tukwanen ƙasa, murhun duwatsu, itace, tabarma ko buhu don shanya, dutsen niƙa ko turmi da taɓarya, muciya, kwando ko ƙyalle don tacewa, sai ƙwarya da ludayi don awo da sha. A ƙarni na 20 durom na ƙarfe da injin niƙa suka maye gurbin wasu daga cikinsu.

Aikin yakan ci kusan mako guda. Ana jiƙa dawa, a tsane ta, a baje a lulluɓe da ganye ana yayyafa ruwa har ta tsiro, sannan a shanya a niƙa. Tsirowar ce ke tayar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. A nan ne dawa ke da wata matsala da sha'ir ba shi da ita: sitacinta ba ya narkewa sai a zafin da ya kai ya kashe waɗannan sinadarai. Matan da ke dafawa sun warware matsalar tun kafin a san sunayen sinadaran. Sukan dama garin da ruwa, su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye, su tafasa gasarar da ta kwanta ita kaɗai, sannan su mayar da ruwan da suka ajiye bayan zafi ya ragu. Bayan haka ana barin haɗin ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, a bar shi ya huce, a zuba ragowar yis na dahuwar baya ko a yi amfani da tsohuwar tukunyar da yis ya riga ya kama. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya nuna.

Abu mafi muhimmanci ga tarihi shi ne cewa ana shan wannan giya tana kan tsimuwa, kuma bayan 'yan kwanaki takan koma ruwan tsami da ba ya shawuwa. Ba a sa mata furen hop mai ɗaci da Turawa ke amfani da shi wajen tsawaita kwanan giyarsu, ba a kuma rufe ta a kwalba. Saboda haka ba ta shiga fatauci. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta, kuma mai dafawa tana buƙatar masu sha da ke kusa, da itace mai yawa, da ruwa, da fili. Sana'a ce da ba ta ɓoyuwa, domin hayaƙi da wari suna tona ta.

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, da Jerome Barkow da ya kwatanta Musulmi da Maguzawa a maƙalarsa ta 1973, da Guy Nicolas da ya yi nazarin Annan kwarin Maraɗi, sun bayyana al'ummomin da shan giya ke cikin abubuwan da suka bambanta su da maƙwabtansu Musulmi. Giya tana shiga bukukuwa da tarukan dangi, kuma hanyar samun kuɗi ce ga mata. Robert Netting ya nuna a 1964 cewa a wurin Kofyar na yankin Filato giya ce ladan aikin gayya da abin biyan tara. Wannan ya nuna cewa a irin waɗannan al'ummomi tukunyar giya hanya ce ta mayar da rarar hatsi zuwa ƙwadago: mai dawa a rumbu zai iya tara majiya ƙarfi a gonarsa ba tare da kuɗi ba.

4.0 Mahauta, Tukuba da Kayan Yaji

Hugh Clapperton ya shiga Kano a Janairun 1824, kuma ya bar bayanin kasuwarta. Ya ce kusa da mahauta akwai wuraren sayar da abinci a fili, kowanne wutar itace ce da aka kewaye da tsinkaye, an soke ƙananan yankan tsoka da kitse bi da bi suna gasuwa. Ya yaba tsabtar wurin, ya kuma ce mace ce ke raba wa masu ci daga faifan da ta ɗora a gwiwarta. Bai manta da dabarun mahauta ba, har da manna gashin tunkiya a cinyar akuya domin a sayar wa wanda bai sani ba. Duk Bahaushen da ya karanta bayanin zai gane tukuba da tsire, kusan yadda suke a yau. Ambaton mace kuwa yana nuna cewa mata suna da hannu a cinikin gasasshen nama a Kano ta wancan lokaci, ko da yake a yau sana'ar ta zama ta maza.

Nau'o'in naman sun rabu bisa yanka da wuta. Tsire ana soke shi a tsinke, a shafa mai da garin ƙuli-ƙuli, a kafa a gefen tukuba domin zafi ya gasa shi ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Balangu manyan yanka ne da ake gasawa a kan waya. Kilishi ana feɗe tsoka ta yi siriri kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma a cikin kwaɓin gyaɗa da kayan ƙamshi, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna wa wuta. Shi kilishi yakan yi watanni bai lalace ba, don haka ya zama guzurin fatake da mahajjata da tsarabar matafiya. Unguwar Agadasawa a Kano da garin Madawa a Nijar sun yi suna da shi. A cikin gida kuwa babban lokacin gashi shi ne layya. A garuruwan Nijar irin su Maraɗi da Damagaram da Yamai akan buɗe raguna a kan sanduna a jera su kewaye da babbar wuta tun daga hantsi har dare, yayin da a Kano aka fi soya naman a mai domin ya daɗe.

Kayan yajin ma suna da nasu tarihin. Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya 'yan asalin Afirka ta Yamma ne. Kanumfari ya zo ta hanyar fataucin Sahara, kuma sunansa daga Larabci yake. Gyaɗa da barkono kuwa daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan zuwan jiragen Fotugal a ƙarni na 16. Ma'ana, ɗanɗanon da a yau ake ɗauka a matsayin tambarin tsire bai kai shekarun jerin Barbushe ko na Yaji ba. Bunƙasar noman gyaɗa a Kano daga 1912, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ta ƙara yawan gyaɗa a hannun mata masu matsar mai, kuma tunkuzar da ke saura ita ce ƙuli-ƙulin da mai tsire ke dakawa. Ashe tukubar namiji ma ta dogara da aikin mace a cikin gida.

Duk da farin jinin nama, mai sana'arsa bai samu daraja ba. M. G. Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1959 a kan matakan daraja a tsakanin Hausawa cewa mahauta suna cikin rukunin ƙasa, tare da makaɗa da maroƙa. Amma ƙasƙancin mahauci na cikin gari ne: yana da Sarkin Fawa mai wakiltarsa a fada, da rumfa a kasuwa, da kiɗansa na kalangu, da wasanninsa na dambe da hawan ƙaho. Mai dafa giya a garin Musulmi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

5.0 Fiƙihu da Jihadi

Mazhabar Malikiyya, wadda malaman ƙasar Hausa ke koyarwa ta littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ba ta bambanta giyar inabi da ta hatsi ba: duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma haddin mai sha bulala 80 ne. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin mutumin Yaman da ya yi tambaya a kan wani abin sha na ƙasarsu mai suna mizr, wanda ake yi da dawa, aka kuma haramta shi saboda yana sa maye. Don haka malamin Katsina ko Zazzau bai buƙaci dogon ƙiyasi kafin ya yanke hukunci a kan burkutu ba.

A cikin Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassara a 1960, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan Haɓe da ci da sha da sa tufafin da suka ga dama ba tare da kula da halal ko haram ba. A littafin kuma ya soki tawasa, wato naman da ake karɓa daga mahauta a ranar kasuwa. A wuri ɗaya ke nan Shehu ya tsaya wa mahauci a kan zaluncin masu mulki, ya kuma yi tir da abin shan da shari'a ta hana. Bayan jihadin 1804 daular Sakkwato ta bar Maguzawa a kan al'adunsu bisa biyan jiziya, kuma Last ya danganta sunan nasu da kalmar Majusu ta littattafan fiƙihu, wadda ta ba su matsayin waɗanda ake karewa. Sakamakon haka shi ne giya ta zama alamar iyaka. Barin ta na cikin manyan shaidun musulunta, kuma kalmomin arne da mashayi suka kusanci juna a bakin mutanen birni. A Maraɗi, inda sarakunan Katsina da suka guje wa jihadi suka kafa sabuwar hedikwata a cikin Anna, iyakar ta daɗe ba ta yi tsauri kamar ta Kano ba.

Ilimin tsirar da hatsi bai ɓace daga gidajen Musulmi ba. Mai kunun zaƙi da ke zuba niƙaƙƙen tsiron hatsi ko busasshen dankali a cikin dafaffen ƙullu domin ya tsinke ya yi zaƙi, aikin mayar da sitaci sukari take yi, sai dai tana tsayawa kafin matakin yis.

6.0 Daga Dokar Brussels Zuwa Hisba

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Turawan Ingila suka sa Arewacin Nijeriya cikin wannan yanki, musamman bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Lugard ya gabatar da hanin a matsayin mutunta addinin sarakuna. Binciken Ayodeji Olukoju (1991) da na Simon Heap (1998) ya nuna yadda fasa-ƙwauri ta hanyar kogi da jirgin ƙasa, da izinin da aka ba Turawa da wasu baƙi, suka raunana dokar. Sabon Garin Kano, wanda aka kafa wajen 1913, da unguwannin bariki suka zama wuraren da aka san ana sha. A nan burkutu ya samu sabuwar kasuwa ta sojoji da leburori, a hannun mata waɗanda yawancinsu daga tsakiyar Nijeriya suka fito. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta riƙe wannan bambanci ta hanyar tanadin hukunci ga Musulmin da ya sha.

Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Shekaru da dama masana'antun suna dogara da tsiron sha'ir daga Turai, har gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi a 1988. Dole suka koma ga dawa da masara, suka nemi irin da ya dace, ciki har da SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Injiniyoyinsu suka ci karo da matsalar zafin narkewar sitaci da matan karkara suka daɗe da warwarewa. Tun daga lokacin dawar da manoman Arewa ke nomawa take shiga giyar kwalba da lemon malt marar maye irin su Maltina, wanda ake sha a walimar aure da suna. Hatsin bai sauya ba, amma ribar ta tashi daga tsakar gida ta koma hannun masu jari. Judith Bennett ta bayyana irin wannan sauyi a Ingila a littafinta na 1996, inda dafa giya ya fita daga hannun mata yayin da sana'ar ta buƙaci babban jari. Da dafa giya a gida ya dawo a Ingila bayan soke lasisinsa a 1963, da kuma Amurka bayan dokar da Shugaba Carter ya sa wa hannu a 1978, ya dawo ne a matsayin abin sha'awar masu hali, tare da gashin nama a bayan gida ranar hutu. Bai kamata a auna tarihin ƙasar Hausa da wannan ma'auni ba, domin a nan dukkan sana'o'in biyu hanyoyin neman abinci ne.

Ƙaddamar da shari'a a Zamfara a Oktoban 1999, wadda wasu jihohi 11 suka bi, ta sake ƙuntata fagen. Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. A Nijar, inda tsarin mulki ya raba addini da gwamnati, matsin ya fito daga jama'a, kamar yadda aka gani a Nuwamban 2000 lokacin da masu zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA suka far wa mashaya a Maraɗi.

7.0 Hanyoyin Tsire da Darasin Al Muraqqabat

Yayin da tukunya ke ja da baya, tukuba ta bi hanyar shanu da goro. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916, suka riƙe cinikin shanu ta hanyar masu masauki da dillalai. Duk inda aka kafa zango, mai tsire yakan biyo, domin jarinsa wuƙa ce da tsinkaye da ƙullin yaji, kuma yankansa abin amincewa ne ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A kudancin Nijeriya aka kira naman suya, ko da yake a Hausa suya aikin mai ne a kasko, kuma da wannan suna ya shiga ƙamus na Oxford. A Kamaru ana cewa soya, a Gana cicinga. A biranen kudu sau da yawa tukubar tana bakin mashaya, inda Bahaushe Musulmi ke sayar da nama ga masu shan abin da shi ba ya sha. Sana'o'in da suka rabu a zamanin Yaji sun sake zama maƙwabta a Obalende.

Hanyar gabas ta mahajjata ce. Hausawa da Fulanin da suka zauna a Sudan, waɗanda yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sun bar wa ƙasar agashe, sunan da ke ɗauke da kalmar gashi. A Makka da Jidda kuma ana sayar da siriya, naman da ake barbaɗa wa garin gyaɗa da yaji, wanda mutanen Hijaz ke dangantawa da 'yan Afirka ta Yamma mazauna can, kuma sunan ya yi daidai da tsire. Ta hannun 'yan Sudan agashe ya shiga biranen Tekun Fasha.

Dubai ta tsara al'amarin giya ta wata hanya daban. Ana sayar da ita a otal-otal da shaguna masu lasisi. A Nuwamban 2020 Daular ta cire hukunci a kan sha ba tare da lasisi ba, a farkon 2023 Dubai ta dakatar da harajin kashi 30 cikin ɗari a kan cinikinta, a ƙarshen shekarar kuma aka buɗe gidan haɗa giya mai lasisi na farko a Abu Dhabi, yayin da Sharjah da ke maƙwabtaka da Deira ta ci gaba da haramta ta baki ɗaya. A duk wannan sassauci giya kaya ce ta kamfani da lasisi, babu gurbin mace mai tukunya. Gashin nama ma ya fita daga hannun gida. Al Muraqqabat unguwar benaye ce marar tsakar gida, kuma hukumar birnin ta keɓe gashi ga wuraren da aka tanada a lambunan shaƙatawa irin su Al Mamzar da Mushrif. Tsire ya iya rayuwa a wannan yanayi saboda ya daɗe da zama kayan kasuwa, yajinsa kuma busasshe ne da ke shiga jaka.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fiƙihu ya ba nama ƙofar shiga ta hanyar yanka, ya rufe wa giya. Abubuwa uku suka ƙarfafa wannan hukunci. Burkutu yana lalacewa cikin kwanaki, kilishi da yaji suna yin watanni. Randa da murhu suna ɗaure mai su a wuri ɗaya, wuƙa da tsinke suna bin mai su zango-zango. Mahauta maza ne masu sarki da rumfa, masu dafa giya mata ne da ba su da wakili a fada. Nijar ta riga ta yi wa kilishinta rajistar asali a Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Afirka, wato OAPI, kuma ya kamata Nijeriya ta dubi wannan misali domin sunan mahautan Hausa kada ya ɓace daga abincin da suka yaɗa. A ɗaya ɓangaren, akwai buƙatar sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maraɗi su tattara kalmomi da bayanan tsofaffin matan Maguzawa da Anna a kan tsirar da hatsi da sarrafa shi, tun suna raye, domin tarihin noma da gayya da tattalin arzikin mata a ƙasar Hausa ba zai cika ba sai da su.